'Yar Tsanar Kaka Tambaya

Wata daga cikinku ta rubuto a ƙasan labarin nan tana cewa wai na cika raina Tajuddeen, ai ko ba komai shi ya koya min kwamfuta. Na ji, 'yar'uwa. Allah Ya saka masa da alheri a kan wannan. Amma ki gyara zama ki ji abin da ya zo ya yi mana a zaure gab da Babbar Sallah, sannan ki dawo ki faɗa min ko na zalunce shi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Bara'atu, a Damba na tashi, cikin Gusau. Abin nan ya faru ne a shekarar 1998, jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, gari ya cika da sababbin ofisoshi, duk mai ɗan hali yana buɗe shagon buga takardu. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune a gida, daga wanke-wanke sai tsintar shinkafa.

Tajuddeen ɗan Alhaji Mas'udu ne na Tsafe, abokin Baba a kasuwar hatsi. A Kaduna ya tashi wajen kawunsa. Ya dawo mana da kwamfuta biyu, da janareta, da wata irin tafiya kamar ƙasar Gusau za ta ɓata masa takalmi. Kullum cikin farar shadda mai sitaci, in ya zauna sai kin ji tana ƙara. Biro uku a aljihun gaba, ban taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. Turarensa kuwa yakan riga shi shiga wuri, ya kuma kwana bayan ya tafi. Duk maganar da zai yi, da “a Kaduna” take farawa. A Kaduna ba a shan shayi haka. A Kaduna ba a gaisuwa da tsawo haka. Har na fara tausayin mutanen Kaduna.

Baba ne ya roƙar min shi in riƙa zuwa shagon ina koyon buga takarda. Na je, na koya. Amma idona ba a kan ƙaramar kwamfutar yake ba. Akwai babba a kusurwa, ya lulluɓe ta da leshi kamar kayan ɗakin amarya. Da ita yake haɗa rubutun da ke fitowa a farkon kaset ɗin biki, sunan ango da amarya cikin ruwan zinare suna juyawa. A cikinta akwai wani furogiram da ake gina abu mai jiki, mai gaba da baya, ki juya shi ki ga ƙeyarsa. Ranar da na fara gani na manta da kaina, har sai da ya ce, “Bara'atu, rufe bakin mana.”

Daga ranar na nace. Ya ce abin ba na mata ba ne. Na ce to. Ya ce ko a Kaduna mutum nawa ne suka iya. Na ce to. Da ya ga kullum ina tsaye a bayansa, kuma ya fara ƙyasa ni, sai ya ja min kujera.

Bari in gwada muku yadda abin yake, don ku san me nake tsoron rasawa. Fuskar kwamfutar takan rabu huɗu: ki ga abu ta sama, ta gaba, ta gefe, da kuma a karkace. Ba a ba ki komai sai ƙwallo da gwangwani da akwati, su ma ba cikakku ba, saƙar waya ce kawai kamar akurkin kaji. Da ɗan abin nan da ake kira maus za ki kama ɗigo ɗaya ki ja, ki kama wani ki tura, har ƙwallo ta koma kai, gwangwani ya koma wuya. In kin gyara ta gaba kin ji daɗi, sai ki duba ta gefe ki tarar hancin tulu kika yi. In siffa ta tsaya, sai ki shafa mata launi, ki kafa mata fitila a inda kike so haske ya fito, ki saita kamara. Sannan ki danna abin da Tajuddeen ke kira renda, yana wani murguɗa harshe. Ni girki nake ce masa, don ɗorawa ake a jira. Kwamfutar za ta yi ta gurnani tana sauko da hoton layi-layi daga sama. In aka ɗauke wuta ya kai rabi, shi ke nan, sai a sake hura murhu.

Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan aikin ba. Wannan gaskiyar ce.

Da hannuna ya fara faɗawa, sai ya ce in zaɓi abin wasa guda in gina daga farko har ƙarshe. Ya ciro wata 'yar bebin roba mai jan gashi da shuɗin ido daga durowa ya dangwara min.

“Ga wannan. Daga Kaduna na zo da ita.”

“Ina da tawa,” na ce.

Washegari na zo da 'yar tsanata a ƙulle cikin gefen mayafi. Kakata Tambaya, wadda ta haifi Inna, ita ta yi min ita ina ƙarama, da lakar bakin gulbi a Bungudu, ta gasa ta a murhu. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Tana da zanko a ka, da guntayen hannuwa, da jigidar ƙananan duwatsu a ƙugu. Ba ido, ba baki, don Kaka ta ce waɗannan ba aikin ɗan Adam ba ne. Amma a kumatu biyu ta sa tsinke ta ja mata tsage, daga gefen kunne har kusa da haɓa. Tsagen gidansu ne. Shi ne a fuskar Kaka har ta koma ga Allah, shi ne a fuskar Inna. Mu ba a yi mana ba, zamani ya riga ya juya. A duk gidanmu fuskar Inna ce ta ƙarshe.

Tajuddeen ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

“Wannan kuma mene ne? Waɗannan karce-karcen fa?”

“Tsage ne. Irin na...”

“Na sani, na sani. A Kaduna ai an daina.”

Kun ji. Haka yake. A tsawon zamana da shi ban taɓa kai magana ƙarshe ba. Da ya bari na ƙarasa wannan ɗaya tak, da bai shiga abin da ya shiga ba. Ni kuma na ja bakina na yi shiru, na ce ba ni na aike shi ba.

Jiki bai ba ni wuya sosai ba. Zanko ya sha ni, jigida ta kusa sa ni kuka, don kowane dutse sai na jera shi a zagaye. Amma tsagen nan shi ne aikin. Ba zana shi nake so in yi a sama kamar da alli ba, so nake ya nutse cikin kumatun, in haske ya bugo ta gefe inuwa ta kwanta a ciki, yadda nake gani a fuskar Inna in tana tankaɗe da hantsi. Sai na riƙa kama ɗigo-ɗigo ina turawa ciki, layi bayan layi. In na dawo gida in zauna ina satar kallon Inna, har ta tsargu.

“Ke, mi kike kallo? Baƙuwa kika gani?”

“Ba komai, Inna.”

“To ɗauke min idonki, ki jawo turmi.”

A wannan tsakanin ne Tajuddeen ya fito a mutum, ya aiko gida yana so. Inna ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ɗan Alhaji Mas'udu, mai sana'ar zamani, mai janareta. Ni na ce a ba ni lokaci. Lokaci ya yi ta tafiya, har wata rana ta tsare ni a madafa, ina tuƙa tuwo ba halin gudu.

“Wanga yaro mi ya yi miki?”

“Bai yi min komai ba, Inna.”

“To mi ya rasa?”

Na so in ce kunne, amma na haɗiye.

“Ki saurare ni, Bara'atu. Ba ni da ɗiyar da za ta yi ta zama a shagon namiji, ba aure ba dalili, mutane suna wucewa suna leƙe. Kafin Sallah ki ba shi amsa. In kin amsa, ki yi ta danne-dannenki har ki gaji, gidanki ne. In kin ƙi, kin bar shagon ke nan. Kin ji ko ba ki ji ba?”

“Na ji.”

Na ji ɗin kuwa. A duk Gusau ban san wata kwamfuta da ke wannan aikin ba sai tasa. Ko in ɗauki Tajuddeen da turarensa har ƙarshen rayuwata, ko in koma tsintar shinkafa. Baba da na kai masa ƙara, ya shafa gemu ya ce, “Tsakaninki da innarki ne,” ya ɗauki buta ya fita. Haka Baba yake, mutumin kirki, amma ba a jingina da shi.

Abin da zai ba ku mamaki, ku 'yan yanzu, shi ne duk wannan son da Inna ke yi wa Tajuddeen, ba su taɓa haɗa ido ba. Suruki ne ai, ko da ba a ɗaura ba. In ya zo gaisuwa, a zaure yake tsayawa, ya cire takalmi, ya durƙusa kansa a ƙasa. Inna kuma tana bayan labulen ƙofar da ke shiga tsakar gida, muryarta kawai ke fitowa. “Lafiya lau. Ya mutanen Tsafe? Madalla. A gaishe su.” Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai “wanga yaro”. Da za su haɗu a kasuwa, wallahi sai ya bangaje ta ya wuce bai sani ba.

Na gama tsagen ranar wata Alhamis. Na ba jikin launin jar laka, na kafa fitila ta hagu, ƙasa-ƙasa. Girkin farko wuta ta ɗauke ya kai goshi. Na biyu janareta ya shaƙe ya kai wuya. Amma kumatun da na gani kafin ya mutu sun ishe ni: inuwa ta kwanta a cikin kowane layi. Kakata ce sak, ba ido ba baki amma ita ce. Na ɗora na uku da yamma ta yi, na ce masa don Allah ya bar ta ta ƙarasa, kada ya taɓa, gobe za mu bikin suna a Wonaka ni da Inna.

“Haba Bara'atu, kamar ban san aikina ba.”

Ranar Asabar muna tsakar gida sai ga Hajiya Uwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. A layinmu gidanta kaɗai ke da tarho, kuma ta nan Tajuddeen ke aiko min da saƙo, duk da shagonsa ba nisa, don dai a san yana da waya. Hajiya Uwa kuwa ba ta san raɗa ba. In ta isar da saƙo har masu sayar da ƙuli a bakin titi sun ji.

“Bara'atu! Mutuminki ya bugo! Ya ce wai a gaya wa tauraruwarsa yana nan tafe bayan la'asar da abin mamaki! Ya ce Malam babanki ya tsaya, innarki ma ta kusanto! Ke, tauraruwa, kina ji na?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna kuwa har ta miƙe.

“Share zaure. Ɗauko sabuwar tabarma. Ki sa atamfar nan mai ganye, ba wagga tsumma ba. Ki sa kwalli, fuskarki kamar ta mai takaba.”

Na sa atamfar, na ɗaura kallabi, na yafa mayafi ruwan hoda. Na dama fura da nono a kwanon sha mai murfi, wanda ba a fito da shi sai baƙo na musamman.

Ya iso cikin shuɗiyar shadda, hula a karkace, da wani abu mai faɗi a naɗe cikin takardar kyauta a hammata. Baba na zaune a kan buzu. Ni ina rakuɓe a gefen ƙofa. Labule ya ɗan motsa, na san Inna ta iso bayansa da kujerarta 'yar tsugunno. Aka gaisa, ya durƙusa, kai a ƙasa kamar mutumin arziki. Sannan ya gyara murya.

“Baba, na kawo muku ne ku ga aikin da Bara'atu ta koya a hannuna. Don a san ba zaman banza take ba.”

Gabana ya faɗi, amma na daɗi. Na ce ashe mutumin nan yana da hankali. Wataƙila in Inna ta gani ta sassauta min.

Ya warware takardar. Hoto ne mai launi, ya sa shi a gilashi da firam mai ruwan zinare.

Na duba. Na sake dubawa. Zankona ne, jigidata ce. Amma jar lakar ta koma fara sol kamar an shafa mata man bilicin. Kumatu sumul, sai sheƙi suke kamar tangaran. Babu layi ko ɗaya.

“Ina tsagen?” na ce. Muryata ma ban gane ta ba.

Ya yi dariya, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran godiya. Kuma don Inna ta ji daga bayan labule, sai ya ɗaga murya.

“Ai shi ne abin mamakin. Baba, ta yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai ta ɓata fuskar da irin karce-karcen nan na mutanen da. Jiya na zauna na goge mata su tas. Ai abin ba kyan gani, kamar kaza ta yi tono a fuskar mutum. Ƙauyanci ne kawai da rashin wayewa. A Kaduna in aka ga mace da wannan, sai yara su biyo ta. Yanzu ku duba yadda ta zama mutum.”

Baba, wanda ya shekara talatin yana kallon fuskar Inna safe da yamma, ya sunkuyar da kai yana nazarin buzunsa kamar yau ya fara ganin gashin rago. Can ya ce, a hankali, “Tajuddeen, sha fura.”

“Na gode, Baba. Kuma ma tsohon na share shi daga kwamfutar gaba ɗaya, don kada wani ya gani ya ce a shagona aka...”

“Sha fura, ɗana.”

Ya ɗauki ludayi. Wallahi ya sha. Har yana cewa a Kaduna ba a samun nono mai kyau haka. Karo na farko da Kaduna ta sha kashi a bakinsa, kuma ba wanda ya saurara.

Daga bayan labule na ji ƙarar kujera an ɗauke ta, na ji takun Inna tana komawa ciki, ba sauri. Da zai tafi ya durƙusa ya fuskanci labulen ya yi ta zuba sallama, “Inna, na koma. Inna, a huta lafiya,” yana gaida ƙyalle. Ya dube ni ya kashe ido ɗaya, ya raɗa, “Ta ji kunya ne ko?”

“Ƙwarai,” na ce. “Sai ka ji saƙo.”

Na shiga da hoton a hannu kamar na ɗauko gawa. Inna tana gindin darbejiya da faifai a cinya tana tsintar wake. Rana ta yi gefe, haskenta yana bugun kumatunta ta hagu, daidai inda na kafa fitilata. Ban san ta inda zan fara ba. Kuka nake son yi saboda aikina, dariya kuma tana taso min saboda na san Tajuddeen ya gama yawo a gidan nan, tsoro kuma ya danne su duka, don in ya gama, ni ma na gama da shago.

“Miƙo shi nan,” ta ce.

Ta riƙe firam ɗin nesa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta sa babban yatsa ta shafa kumatun ta kan gilashi.

“Wagga ɗiyar tsanar da tsohuwa ta yi miki ce?”

“Ita ce, Inna.”

“Da ke kin sa mata su?”

“Na sa. Duka. Irin naki na bi.”

“Shi ya sa kike ta kallona kamar mayya.”

Ta kife hoton a ƙasa, ta ci gaba da tsintar wakenta. Na ɗauka magana ta ƙare, har na juya.

“Ana iya mayar da su?”

“Ana iya. Amma sai a kwamfutarsa. Babu wata.”

“To gobe da hantsi ki shirya. Tare za mu.”

Na juyo da sauri har kallabina ya zame.

“Inna, shagonsa? Ki shiga ki zauna a gabansa?”

“Mi zai hana? Suruki ake jin kunya. Wanga mai shago ne.” Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. “Zai ba ni kujera in zauna inda haske yake, ya yi ta kallon tonon kaza har ya ƙoshi. Ke kuma ki dube ni da kyau ki mayar da su, kada ki bar ko ɗaya.”

Kun ga, da kalma biyu ta sauke min Tajuddeen daga ka. Amma ɗayan kayan yana nan. Na tsuguna kusa da ita, na sa hannu a waken kamar mai taya aiki.

“Inna, in na gama mayarwa fa? Zan ci gaba da zuwa?”

Ba ta ɗago ba.

“Tashi ki goge min mayafina na unguwa. Ƙaramin, wanda ba ya rufe kumatu.”

Na tashi na zuba garwashi a dutsen guga. Aikin nan, tunda hannuna ya riga ya san hanya, yini ɗaya ya ishe ni in gama shi. Ina fifita wutar ina tunanin yadda zan ja shi har bayan Sallah, ba tare da matar da ke zaune a gabana ta gane ba.